Garken da Na Gina da Yumɓu

Ranar wata Laraba da la'asar, a bazarar 1973, shekarar da naira ta kori fam da sule, bijimina ya fashe a cikin murhun Iya. Tun tana can wajen turmi na lallaɓa na tura shi ƙarƙashin tukunya, na lulluɓe shi da garwashi, na koma gefe na tsuguna kamar mutumin kirki. Iya ta dawo ta zauna a kujerarta, ta ɗauki muciya ke nan za ta yi talge, sai muka ji "tau!" kamar maharbi ya saki bindiga. Toka ta turnuƙe, garwashi ya watse, kaji suka tashi sama, ita kuwa ta saki muciya ta yi baya tana salati. Wani ɓallin yumɓu mai zafi ya faɗa cikin ruwan tuwo, wani ya huda mata gefen zane. Da abin ya lafa ta sa muciya ta tono tozon bijimin, ta ɗaga shi ta juya, sannan ta dube ni. "Maigida," in ji ta, don haka take kirana irin na wasan kaka da jika, "yau kuma naman sa ka yo mana cefane?" Na so in yi dariya, amma kuka ne ya zo, domin kwana huɗu na yi ina ginin wannan bijimi.

Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu a wancan zamani wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mahaifina makiyayi ne, rugarsu tana gefen Ruma ta ƙasar Batsari, inda gonaki suke ƙarewa dajin Rugu ya fara. Mahaifiyata kuwa ɗiyar Malam ce, mai makarantar allo a Safana. Ana yaye ni aka kawo wa Malam da matarsa Iya riƙona, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari, domin iyaye suna jin kunyarsu. Ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa yi masa magana kai tsaye muddin akwai wanda za a bi ta bakinsa. In Baba ya zo Safana gaisuwa, tun daga nesa yake cire takalmi, ya tsuguna ya gaida Malam, ya shiga ciki ya gaida Iya, ya ajiye ƙwaryar man shanu, ya tambayi lafiyar kowa har akuyar da ke turke. Ni kuwa ina tsaye a gabansa idonsa zai wuce ta saman kaina. In ya zama dole ya ambace ni, sai ya ce "wancan". Yanzu na san kunya ce, na kuma san abin da ke ƙarƙashinta. A lokacin dai ciwo kawai nake ji, kuma ban san wurin wa zan kai ƙara ba.

Watakila shi ya sa na tashi ba na iya zama wuri ɗaya, ko kuwa haka Allah ya yi ni, ban sani ba. Da asuba ina zaure gaban allo, baki yana karatu, ƙafa tana kaɗawa, yatsu suna tsinkar bakin tabarma, har Malam yakan ce duk tabarmar da na zauna a kai ba ta ganin wata biyu. Da hantsi ina makarantar boko, aji huɗu, inda na sassaƙe gefen bencinmu da guntun reza, na sha bulala, na dawo na ci gaba daga inda na tsaya. In an tashi hutun ƙarfe tara, yara suka kama langa, sai in yi ɗan tsalle biyu in bari, in hau bishiyar bedi, in sauko, in tsokani wanda ya fi ni ƙarfi, mu koma aji riga a yage. A gida aikina ne ɗebo ruwa, da sharar zaure, da yanko wa akuya ganye, da kai wa Malam buta, kuma duk ina yi, amma rabi-rabi. In na tafi rijiya tulu yakan yi rabin yini a hanya, saboda na biye wa ƙadangare ko na tsaya kallon maƙeri. "Kai dai kamar an zuba maka ƙaiƙayi a wando," abin da Iya take cewa ke nan kullum, ni ma haka nake ji.

Wuri ɗaya ne jikina yake ɗan kwantawa, wato ruga. Duk hutun damina Baffa Idi, ƙanen Baba, yakan zo da keke ya ɗauke ni, mu bi ta cikin gero da dawa har Ruma. Shi ba ya jin kunyata, shi ya koya mini shanun gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Ga Fure mai ruwan toka, ga Ole mai ruwan zuma, ga Nyawe mai ɗigo-ɗigo, ga farare masu baƙin kunne waɗanda baƙo zai rantse duk ɗaya ne, alhali kowace da sunanta da halinta da inda take son kwanciya. Sai kuma Wule, ja mai farar fuska, wadda ƙahonta na hagu ya sunkuya ya nufi ido tun tana karsana. Baffa ya gaya mini cewa tawa ce, ranar sunana Baba ya ware mini ita. Daga ranar na zama jelarta. To wata safiya ana tatsa, ɗoki ya ɗebe ni na ɗauki ƙwarya na ɓullo wa wata saniya ta ɓangaren da ba ta saba ba. Ta sakar mini ƙafa, ƙwarya ta yi sama, nonon da aka riga aka tatsa ya tafi ƙasa. Baba yana nan tsaye yana kwance maruƙa daga dangwali. Bai dube ni ba, bai ɗaga murya ba, ya ce da Baffa, "Ka bar wahal da kanka. Wancan ɗan allo da alli ne, bai san gaban nagge da bayanta ba."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na koma Safana da maganar nan a ƙirji, in na kwanta tana nan, in na tashi tana nan. Daminar kuma ba ta yi kirki ba. Ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, ciyawa ta ƙone tun kafin kaka, tafkuna suka fara janyewa da wuri. Ba a gama ɗaure ɗan abin da aka samu ba sai labari ya zo cewa su Baba sun tashi da garken duka, da mata da yara, sun yi kudu neman ruwa da ciyawa, kuma ba wanda ya san inda za su tsaya ko yaushe za su juyo. Ba a yi sallama da ni ba, ba a kuwa saba yi ba. A nan ne na ƙudura abin da na ƙudura. Na ga yaran ruga suna mulmula shanun laka a bakin tafki, su yi tozo su soka ƙaya su yar. Ni ba irin wannan zan yi ba. Zan gina garken Baba gaba ɗaya, kowace saniya da kamanninta, yadda in ya dawo ya gani zai kira sunanta ba tare da an gaya masa ba. Tun da ba zai yi mini magana ba, ni ma ba ni da bakin yi masa, to ya gani da idonsa cewa wancan ya san shanu.

Da farko wahala kawai na sha. Na kwaso laka daga kududdufin bayan gari, na mulmula da gaggawa kamar ana kora ta, na jera a rana. Kafin azahar duk sun tsattsage, ƙafafu sun zube. Na sake, suka sake. Sai na ce ai wuta ce maganin abin, shi ne na kai bijimina murhun Iya. Washegarin fashewar ta kama hannuna, ba ta sake ni ba sai da muka isa gidan Gambo mai tukwane, wata tsohuwa mai kaifin baki a ƙarshen unguwa. "Ga mijina na kawo miki," in ji Iya, "ki koya masa kafin ya ƙone mini gida." Gambo ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini tsingaro da dutse ta ce in daka. Kwana biyu ina dakan fasassun tukwane ban taɓa yumɓu ba, ina cika ina batsewa. A rana ta uku ta nuna mini ramin da take haƙo yumɓunta, ta nuna mini yadda ake jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa, a zuba garin tsingaro da ɗan kashin jaki, a cuɗa har ya daina kama hannu. Ta ce ƙananan abubuwa irin nawa ba sa bukatar wuta, inuwa suke so, a rufe su da tsumma mai laima su bushe a hankali. In ta ga ina gaggawa sai ta buge mini hannu ta ce, "Ina za ka? Yumɓu ba ya bin mai sauri."

Abin mamaki, sai ga ni ina zama. A bayan rumbun Iya akwai wani ɗan lungu tsakaninsa da danga, inda rana ba ta kaiwa, nan na mai da rugata. Da na dawo daga boko, na ɗebo ruwa, na ba akuya ganye, sai in shige can in tanƙwashe ƙafa. In rufe ido in kira saniya ɗaya a raina, in ga yadda take tafiya, in ga faɗin bayanta da reton fatar wuyanta, sannan in bar yatsu su nemo ta. In ta sha iska in goge ta da santsin dutse. Farar ƙasa nake shafa wa farare, jar ƙasa ga jajaye, baƙin gindin tukunya ga kunnuwa da ɗigo, toka da ɗan ƙaro ga Fure. Ƙaho kuwa ƙaya ce, kuma neman ƙayar da ta dace yakan ci mini yini guda a gindin aduwa da bagaruwa, ƙafafuna duk suka zama rami. Abokaina a lokacin motocin kara suke yi, irin manyan motocin da muka fara gani suna ta da ƙura a hanyar Dutsin-Ma, har da fitila ta murfin kwalba. Sukan leƙo su ce in kawo shanuna a yi musu lodi zuwa Ikko, in kore su. Wani a cikinsu ya taɓa miƙa yatsa zai ƙirga, Iya ta kaɗe hannun. A gidan makiyaya ba a ƙirga shanu, ana cewa albarka takan gudu, kuma ta ce ko na yumɓu ne ba a gabanta ba. Har yau ban san ko nawa na gina ba. Na dai san in wata ba ta nan, ido zai gaya mini.

Wule na bari a ƙarshe, kuma a kanta na yi abin da na san ba daidai ba ne. Na gina ta sau uku kafin ta yi mini. Na shafa mata ja, na fitar da farar fuskar nan tsaf. Da na zo kan ƙaho sai na tsaya. Na sani sarai na hagun a sunkuye yake, na sha kama shi da hannuna. Amma tawa ce, ban so a ce tawa ce mai aibu a cikin garke. Sai na zaɓo ƙayoyi biyu dogaye masu kyau, na kafa mata su a miƙe, dama da hagu daidai wa daida. Ta fito ta fi kowace kyau, na sa ta a gaba.

Wata safiya Malam ya zagayo duba rumbu, don hatsi ya fara ja da baya kuma hankalin kowa yana kansa, sai ya yi kiciɓis da garkena. Ya daɗe a tsaye. Ya sa aka kira ni, ya tambaya ko na san cewa wanda ya siffanta abu mai rai, ranar tsayuwa za a ce ya hura masa rai. Na ce na sani. Ya ce to in kwashe in mai da su inda na ɗebo su, yau ɗin nan. Na tsaya ina kallon shanuna. Iya ce ta taso daga bakin murhu tana goge hannu. "Malam, a gafarce ni. Kai da bakinka ka karantar da mu cewa an yi sassauci a kayan wasan yara. Kuma tun da yaron nan ya fara abin nan, tabarma nawa ka saya?" Malam ya yi gyaran murya, ya shafa gemu, ya ce ai ya san ba za ta ga laifin angonta ba. Ya tsuguna ya ɗauki Ole ya juya ta, na ga yana so ya ɓoye murmushi. Sannan ya yanke hukunci: kada in yi musu ido, kada in yi musu baki, kuma ranar da mai shanun ya dawo ya gani, magana ta ƙare, su koma ƙasa. Na yarda da sauri kafin ya sake shawara.

Daga nan sai jira, kuma ban taɓa sanin abin da ya kai shi cin rai ba. Bazara ta yi tsawo, zafi ya kai inda ya kai, sama fes ba ko gizagizai. Ranar kasuwa in na kai wa Iya saƙo sai in ji manya suna magana ƙasa-ƙasa, wai shanu suna faɗuwa a hanya ba mai ɗaga su, wai fata ta yi yawa har ba mai tayawa, wai an ga makiyayi ya dawo da sanda kaɗai. Duk wanda na gani da malafa da sanda a kafaɗa sai in bi shi in tambaye shi ko ya ga mutanen Ruma. Wasu su ce Allah ya kawo su lafiya, wasu su kau da kai su wuce. Ƙaiƙayina ya dawo sabo. A aji malami yana magana ina kallon taga. Na daina cin tuwo sosai. Sau ɗaya ma na kama hanyar Batsari da ƙafa ba tare da na gaya wa kowa ba, sai wani mai keke da ya san Malam ya tsince ni a gindin wata tsamiya ƙishirwa ta kusa kashe ni, ya maido ni. Abin da ya fi ta da mini hankali shi ne in na tarar kaza ta yi tono ta karya wa wata ƙafa. Sai in ɗauka wani abu ya sami mai sunan a can inda take, in zauna in ɗinke karayar da sabon yumɓu. Na san wauta ce, amma ban iya bari ba. A lungun nan kaɗai nake iya numfashi, muddin yatsuna suna cikin yumɓu.

Ruwa ya sauka a makare, aka yi shuka, aka sake shuka. Sai da gero ya kai gwiwa, wata Asabar da hantsi, na ji sallama a ƙofar zaure, na gane muryar tun kafin a amsa. Na leƙa ta hudar danga. Baba ne, amma sai da na sake dubawa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigarsa ta yi masa yawa, kuma hannunsa babu ƙwaryar man shanu. Sun daɗe da Malam a zaure. Ni kuwa na ruga wurin Iya na kama zanenta. Ta gane. Ta shimfiɗa tabarmar baƙi a inuwar rumbu, ba a ƙofar ɗakinta inda ta saba ba, ta ce in kwaso dukiyata in jera a gaban tabarmar. Na jera su yadda suke kwanciya a ruga, bijimi a tsakiya, masu maruƙa a gefe, Wule a gaba. Sannan na koma bayan danga na manna ido a huda.

Ya shigo ya tsuguna nesa da tabarmar, kansa a ƙasa, suka gaisa da Iya doguwar gaisuwa. Ta tambayi hanya, ya ce alhamdu lillahi. Ta tambayi mutanen gida, ya ce suna gaishe ta. Ta tambayi dukiya, ya ce, "Mun gode Allah." Sai Iya ta ce, "To ku matso ku gani, bayan tafiyarku mu ma maigidana ya tara mana tamu." Ya ɗago kai. Na ga idonsa ya sauka a kansu ya tsaya. Ya matso a tsugune har bakin tabarma. Ya daɗe bai motsa ba, sai leɓɓansa da na ga suna motsi, kuma da na kasa kunne na ji sunaye yake kira, a hankali, irin kiran da yake yi musu da safe. Bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Har fararen nan masu baƙin kunne, kowace ya ba ta sunanta. Daɗi ya kama ni har na ciji hannuna don kada in yi ihu.

Sai ya miƙa hannu ya ɗauki Fure ya ajiye ta hagunsa. Ya ɗauki Nyawe ya ajiye ta hagu. Ya ɗauki bijimin, hagu. Ya ɗauki wata fara ya ajiye ta dama. Da farko na zaci wasa yake, ko yana gyara mini jeri. Sai na ga Iya ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Ya ci gaba, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kowace sai ya riƙe ta kaɗan kafin ya ajiye. Na hagu suna ta yawa, na dama kuwa tafin hannu biyu zai kwashe su. A nan na gane abin da yake yi, na hagu su ne waɗanda suka faɗi a hanya. Labarin da ba zai iya faɗa wa surukarsa ba, ba zai kuma iya faɗa wa ɗan farinsa ba, shi yake faɗa mana. Ya san ina bayan dangar nan. Wule ce ta rage ita kaɗai a tsakiya. Ya ɗauke ta, ya sa ta a tafin hannunsa, ya shafa farar fuskar da babban yatsa. Na roƙi Allah a raina irin roƙon da ban taɓa yi ba. Ya daɗe ƙwarai, sannan ya ajiye ta hagu.

Ban san na fashe da kuka ba sai da na ji muryata. Ba wanda ya ce in yi shiru. Baba bai waiwayo ba, idonsa yana kan tabarma, ya ce da Iya cikin irin maganarsu ta can, "Inna, ki hwaɗa ma wancan, ƙahon hagu ba haka shike ba. A sunkuye shike. Shi bar ta yadda Allah ya yi ta." Sannan ya ƙara da cewa, "Sauran duk daidai ne."

Na fito daga bayan danga ina sheshsheƙa, na ɗauki Wule a gabansa, na koma lunguna. Ina da wata lanƙwasasshiyar ƙaya da na daɗe da ajiyewa, don tun ranar da na tsince ta na san ta wace ce. Na ɗiga ruwa, na zare miƙaƙƙiyar, na kafa wannan ta sunkuya ta nufi inda ido zai kasance. Na kai wa Iya, Iya ta miƙa masa. Ya duba, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya buɗe jakar fatar da ke rataye a wuyansa ya sa ta ciki. Bayan azahar ya yi sallama ya kama hanyar Ruma. Malam bai sake ta da maganar sharaɗinsa ba, na ma ga alamar yana so in manta. Ni da kaina na kwashe su a faifai washegari, na kai bakin kududdufin da ruwa ya fara taruwa, na jera su a gefe, na zauna har ruwan ya jiƙa su suka koma laka.

Yau shekaru hamsin ke nan da ɗoriya. Na yi aikin gwamnati na gama, ina zaune a Katsina. Inda rugarmu take ba mai kwana yanzu, hanyar da Baffa yake bi da ni a keke kuwa sai mutum ya yi shahada kafin ya bi ta. In jikokina suka zo hutu sai falo ya cika, amma shiru kamar ba kowa, kowane ya sunkuya a kan waya. Ina ganin ƙaiƙayina a jikin wasunsu, ƙafa tana kaɗawa, ido yana tsalle, sai dai babban yatsa kaɗai ke aiki. Na yi faɗa, na ƙwace wayoyi, ban ga abin da ya ƙaru ba sai kumburin fuska. Hutun bara sai na je wurin masu tukwane na sayo yumɓu cikin roba, na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na zauna ina cuɗawa ban kira kowa ba. Ƙaramar cikinsu ce ta fara zuwa ta tsuguna, ta tsoma yatsa ta ce sanyi. Kafin la'asar duk suna nan, hannu dumu-dumu, ana gardamar wa ya fi iyawa. Ba wanda ya yi saniya, yawancinsu ba su taɓa shafa ta ba. Jirgin sama suka yi da mota, wani ɗan banza ma waya ya gina, har da maɓallai. Na bar su. Ba sana'a nake so su koya ba, so nake su san daɗin zama da abu a hannu ba mai kora, har ya zama wani abu.

Zamani ya sauya, kuma ba duka nake kuka da shi ba. Ɗan farina ina kiran sunansa gatsau, yana kuma kirana a waya kusan kullum, mu yi ta magana har caji ya ƙare. Sai dai wani lokaci in na ajiye wayar nakan rasa abin da muka faɗa wa juna, sai in tuna mutumin nan a tsugune bakin tabarma yana ajiye shanun yumɓu hagu da dama. Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Amma ran nan ya amsa mini.